Ƙafar yarona na lanƙwasa, likita ya ce ƙarancin bitamin D, ku ba ni shawara

Maman Yaro:
Slm ƴan uwa, dan Allah ina neman shawara. Yarona wata goma sha biyar, har yanzu bai fara tafiya ba sai dai ya dafa kujera ya miƙe, in ya tsaya ƙafafun sai ka ga sun lanƙwasa kamar baka, wuyan hannunsa ma ya ɗan yi kauri, haƙora biyu kacal. Mun je asibiti likita ya ce yana zargin rikets, wato ciwon laushin ƙashi na yara, wai ƙarancin bitamin D, ya rubuta mana hoton ƙashi da gwajin jini. To ni abin da ya ɗaure min kai ina Kano fa, ranar nan da ke ƙona mu ta ina yaro zai rasa bitamin ɗin rana? Surukata kuma ta ce goyo ne ya yi yawa. Wlh na kasa bacci.

Hajiya Babba:
Ƴata kwantar da hankalinki, goyo baya lanƙwasa ƙafa, mu duk a baya aka raine mu. Amma ki yi gwajin nan kar ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Anti Nas:
Ƙanwata ranar Kano tana waje, shi yaron yana ina? Fata ce ke haɗa bitamin D in rana ta taɓa ta kai tsaye, wadda ta ratso gilashin taga bata yi, kuma mu masu duhun fata mun fi buƙatar daɗewa a cikinta. In kuna gidan sama ko kullum yana ɗaki an naɗe shi da kaya to ga dalili nan. Nonon uwa kuma duk albarkarsa bitamin D ɗinsa kaɗan ne, balle in uwar ita ma bata fita, shi yasa ake ba jarirai ɗigon bitamin D IU 400 (IU ma'aunin bitamin ne) kullum har su shekara. Aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotse kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, in babu sai ƙashi ya yi laushi, maɗiga ma ta yi jinkirin rufewa.
Sai dai ki sani a nan ƙasar ba kullum bitamin D bane matsalar. An yi bincike a Jos aka buga shi a 1999, aka ga yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa akan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, saboda abincin yaranmu koko ne da tuwo, madara babu. Me yake ci?

Maman Yaro:
Anti gaskiya kin faɗa, gidan sama muke, ni kaina sai in yi sati ban sauka ba. Yana shan nono, sai koko da ɗan tuwo, madara ba kullum ba saboda tsada.

Uwar Biyu:
Nawa ma haka ya yi yana shekara biyu, nashi gwame ne gwiwoyin na haɗuwa. Muka yi wata shida ana bashi magani, ina haɗa masa da kindirmo da gwaiduwar ƙwai, ƙananan busasshen kifi nake dakawa da ƙashinsu in zuba a miyar kuka. A hankali ƙafar ta miƙe, ba a yi masa aiki ba.

Anti Nas:
Ki yi haka, kindirmo ya fi madarar gwangwani sauƙi. Ki riƙa saukowa da shi tsakar gida da hantsi hannu da ƙafa a buɗe, ke ma ki zauna. Amma dan Allah kar ki je kemis ki sayi mai ƙarfi ki ɗura masa, bitamin D in ya yi yawa yana taɓa ƙoda, jira sakamakon tukunna. In kuma kika ga yana fizge-fizge kamar jijjiga ki ruga asibiti ko tsakar dare ne, kalsiyam ne ya sauka sosai.

Maman Yaro:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe babansa zai kai mu hoton, in ya fito zan turo muku abin da likitan ya ce.