Rayuwa kafin zoben tumbi da bayansa: waɗanda aka yi wa aikin su ba mu labari

Maman Ilham, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Nauyina ya haura kilo 125, ina fama da ciwon suga da hawan jini, gwiwoyina kuma sun kai matsayin da sai a kan kujera nake yin sallar farilla. Likitan da yake duba ni ya ce ma'aunin BMI ɗina, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, ya wuce 40, wanda shi ne mizanin da aka daɗe ana bi wajen ba da shawarar tiyatar rage ƙiba, ko kuma 35 ga wanda ƙibar ta riga ta jawo masa wata cuta. Cikin ayyukan da ya lissafa mini, hankalina ya fi kwanciya da zoben tumbi, wato zoben da ake naɗawa a saman tumbi don rage yawan abincin da mutum yake ci, saboda ya ce ba a yanke komai daga cikin mutum, kuma ana iya cire shi idan jiki bai karɓe shi ba. Bayanin likita na ji shi. Abin da nake nema yanzu shi ne bayanin wanda ya kwana ya tashi da zoben a cikinsa: yadda yake kafin aikin, yadda cin abinci ya koma masa, da abin da ba a gaya masa ba sai da ya gani da idonsa.

Anti Uwani, Manchesta

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. An sa mini zoben a nan Ingila a 2011, lokacin da yake tashe, shekara goma bayan hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin zoben da ake kira Lap-Band a 2001, kuma har yau yana cikina.

Kafin aikin, turmin atamfa guda, yadi shida cur, ba ya fitar mini da riga da zani da ɗankwali, sai tela ya nemi ciko. Wannan bai dame ni ba kamar barci, domin numfashina yana ɗaukewa cikin dare, sai da aka haɗa ni da na'urar da take hura mini iska ta hanci har gari ya waye, kuma duk inda zan kwana sai na tafi da ita.

Mako biyu kafin ranar aikin aka ɗora ni a kan abinci mai ƙarancin kitse da sitaci domin hantata ta ragu, saboda hanta tana kwance ne a kan saman tumbi, idan ta yi girma takan tare wa likita hanya. Aikin kansa bai fi awa ɗaya ba, ta ƙananan huji aka yi shi ba tare da an tsaga cikin ba, washegari aka sallame ni. Zoben na silikon ne, ana naɗa shi a saman tumbi ya ware wata 'yar jaka da ba ta fi girman ƙwai ba, cikinsa akwai balan-balan, daga jikinsa kuma wani siririn tiyo ya taho zuwa wata 'yar mashiga da aka dasa a ƙarƙashin fatar ciki. Ina iya taɓa tawa da yatsa. Ta nan ake soka allura a zuba ruwan gishiri idan ana so zoben ya ƙara matsewa, ko a zuƙe idan ana so ya saki.

Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sannan abin da aka markaɗa, sannan mai laushi, sai wajen mako na shida aka yi mini ƙarin ruwa na farko. A nan ne na gane cewa ranar tiyata ba ita ce ranar da aikin ya ƙare ba. An yi ta ƙarawa ana ragewa har cikin shekara ta biyu kafin aka dace da matsin da ya yi mini daidai, kuma kowane zuwa nas takan miƙo mini kofin ruwa, ba ta barina in tafi sai ta ga ya wuce lafiya.

Akwai abin da ba wanda zai iya kwatanta miki shi sai kin ji a jikinki, wato maƙalewar abinci. Ya fara samuna a wajen wani suna, da tsoka ɗaya ta gasasshen nama. Na ji ta tsaya a tsakiyar ƙirjina, zafi ya ratsa har bayana, wani yawu mai yauƙi ya riƙa cika mini baki, ba dama in haɗiye shi, ga mutane ana ta gaishe ni. Na tsaya a banɗaki ina gumi har sai da tsokar ta dawo yadda ta shiga. Tun daga nan lomata ƙarama ce ƙwarai, ina taunawa har ta narke, ina ajiye cokali tsakanin loma da loma, kuma ba na shan ruwa sai bayan rabin awa da gama ci. Burodi, busasshiyar shinkafa da nama mai jijiya har yau ba ma shiri, amma kifi, ƙwai, alale da tuwo mai laushi da miya mai yawa suna wucewa.

Ramar ta zo a hankali. Cikin shekara biyu na zubar da kusan rabin nauyin da ya yi mini yawa, na rabu da na'urar barci, aka rage mini maganin hawan jini. Ban zama siririya ba, kuma ban yi nadama ba. Sai dai a ganina abin da ya sa nawa ya yi kyau shi ne asibitin da yake daidaita mini zoben bas ɗaya nake hawa in isa.

Baban Sadiq, Kano

Hajiya Uwani ta taɓo inda nake so in tsaya a kai. Ni a Indiya aka sa mini nawa a 2014. Ɗan kasuwa ne ni, yinina a zaune nake yin sa a shago, kuma kafin aikin hawa bene ɗaya yakan sa in tsaya ina haki. Aikin ya tafi lafiya, an yi mini ƙarin ruwa kafin in taho, aka ce in nemi wanda zai ci gaba da daidaita mini a gida. Da na dawo na fara nema, sai na tarar yawancin likitocin da na je wurinsu ba su taɓa sa hannu a irin wannan mashiga ba, kuma sun yi gaskiya da suka ƙi taɓawa, domin ba da kowace allura ake soka ta ba, akwai ta musamman wadda ba ta ɓantare robar mashigar, idan aka yi da ta gama-gari ruwan yana iya fara yoyo.

Haka na zauna da zoben da ya fi ƙarfina. Da farko murna nake yi, tunda ina ramewa da sauri. Daga baya ƙwannafi ya hana ni barci, tari ya riƙa tashina cikin dare da ruwa mai tsami a hanci, na koma kwana a jingine da matasan kai, amai kuma ya zama abin kullum. Ranar da abin ya kai maƙura ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Hoton da aka ɗauka bayan na sha farin ruwan nan da yake fitowa a hoto ya nuna zoben ya zame, wani ɓangaren tumbin ya turo ta cikinsa ya kumbura a sama. An yi mini ƙarin ruwa ta jijiya, da ƙyar aka samo wanda ya zuƙe ruwan zoben na samu sa'ida, sannan na tafi Alƙahira aka cire shi.

Bayan cirewar yunwa ta dawo da ƙarfinta, nauyin ma ya biyo ta, kusan duka. Daga baya aka yi mini aikin yanke tumbi, wanda ake cire kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin, kuma shi ne aka fi yi a duniya yanzu, yayin da zoben ya ja baya sosai saboda yawan waɗanda ake komawa a sake yi wa aiki. Maman Ilham, kuɗin da za a faɗa miki na ranar tiyata ne kawai. Ki lissafa na jirgi da biza da masauki na kowane komawa, kuma kafin ki biya ko kwabo ki san likitan da zai riƙa daidaita miki zoben, ki je ki gan shi ido da ido, ki tambaye shi ko yana da allurar a hannu.

Ummu Hanan, Jidda

Ni a kan azumi zan yi magana, tunda ba wanda ya ambata. Ramadan ɗin da ya zo mini kusa da aikin likita ya hana ni ɗauka, saboda mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa lokaci ɗaya, ga zafin ƙasar nan, sai na rama daga baya. Yanzu ina yin azumina, amma kafin watan ya kama nakan je a ɗan sassauta mini. Zoben ya fi matsewa da asuba, don haka sahur ɗina yogot ne ko ƙwai mai laushi, buɗa-baki kuma da ruwan ɗumi nake farawa, in ɓare bayan dabino kafin in ci, in yi sallar magariba, sannan in zauna cin abinci, in yi ta kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har zuwa sahur.

Abu na biyu, zoben ba ya tare abin sha. Kunun gyaɗa, fura da nono, shayi mai madara da sukari, duk zarcewa suke yi ba tare da mutum ya ji ya ƙoshi ba, kuma da yake nama da ganye suna wahalar wucewa, jiki da kansa yana karkata ga mai sauƙin. Masaniyar abincin da take kula da mu ta ce wannan yana cikin manyan dalilan da suke sa nauyi ya tsaya ko ya dawo alhali zoben yana nan lafiya lau. Lemon kwalba mai gas kuwa an hana mu shi tun ranar farko.

Maman 'Yan Biyu, Abuja

Yaya Maman Ilham, ki shirya wa bakin mutane kamar yadda kike shirya wa asibiti. A wurinmu mace idan ta yi jiki cewa ake yi ta samu hutu, har wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi ƙiba, saboda haka da na fara ramewa ba wanda ya ce mini barka. Uwar mijina ta kira ɗanta ta tambaye shi abin da yake yi mini, wata maƙwabciya ta kawo mini rubutu, labari kuma ya zaga dangi cewa wata muguwar cuta nake ɓoyewa. Na so in riƙe sirrina, amma dole ta sa na zaunar da manyan gidan na yi musu bayani. Cin abinci a tire ɗaya da 'yan'uwa shi ma ya zama aiki, domin kafin in gama loma uku an tashi, mai masauki kuma yana ganin na raina girkinsa. Yanzu tun kafin a zuba nake cewa an yi mini aiki a ciki, kaɗan nake ci, kuma an saba.

Gashina ya zube a watannin farko sannan ya dawo, fatar damtse da ta ciki kuwa ta saki, ba ta koma ba. Abin da ya share mini hawaye shi ne haihuwa. Kafin aikin al'adata ta rikice, na daɗe ina nema ban samu ba. An gargaɗe ni kada in ɗauki ciki sai bayan wata 12 zuwa 18, na kiyaye, daga baya Allah ya ba ni tagwaye. Laulayi ya zo mini da amai mai yawa, sai aka zuƙe ruwan zoben gaba ɗaya don kada ya zame, ba a mayar ba sai bayan na haihu na warware.

Maman Ilham, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Alhaji Baban Sadiq, da za a mayar da kai 2014, za ka yarda a yi maka tiyata ko kuwa haƙura za ka yi? Sannan likitana ya ambaci allurar Ozempic, tunda ina da suga. Akwai wanda ya san yadda take idan aka gwada ta da zoben?

Baban Sadiq, Kano

Tiyata zan yarda a yi mini, Hajiya, domin ƙibar da nake ɗauke da ita ba ƙaramar barazana ba ce ga raina, amma ba zobe ba, muddin a Kano zan zauna. Yanke tumbi ba a mayar da shi, yana iya jawo ƙwannafi, kuma ina shan ƙwayoyin bitamin da ba ranar dainawa, sai dai ba ya bukatar wani ya riƙa soka mini allura yana daidaita shi. Allurar da kika ambata ban yi amfani da ita ba. Wani abokin kasuwancina yana yin ta mako-mako, sugansa ya sauka, ya kuma rame, amma tana da tsada, dole a ajiye ta a firji, kuma da ya tsaya na wani lokaci saboda kuɗi nauyin ya fara dawowa.

Anti Uwani, Manchesta

Ban saɓa wa Alhaji ba, duk da cewa nawa zoben ya yi mini rana. Da a Kaduna nake zaune, ni ma sai na tabbatar da mai daidaitawa kafin in amince. Ki kuma sani cewa zamewa ba ita kaɗai ce matsalarsa ba. Wata da muke zuwa asibiti tare, nata zoben a hankali ya ci bangon tumbin ya kutsa ciki, ba ta ji wani ciwo mai tsanani ba, alamar da ta gani ita ce ta daina jin matsi, wurin mashigar kuma ya yi ja ya kumbura, sai da aka zura kyamara ta baki aka gano, aka cire shi. Idan har kika zaɓi zoben, ki karɓi takardar da ta nuna samfurinsa da yawan ruwan da yake ɗauka da wanda aka zuba miki, ki riƙa yawo da ita a jaka, domin likitan da bai san ki ba da ita zai yi aiki. Maigidanki ma ya san cewa duk ranar da ruwa ya ƙi wuce miki, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani ya taso, a ranar za a kai ki asibiti a fara zuƙe ruwan zoben, ba a bari sai gobe.