Kason ƙaramar hukuma da hayaƙin da ke ɗumama duniya

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Najeriya kuma ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take shanyewa ba. To ciyaman yana da abin taɓukawa a nan, ko sai Abuja?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Yana da shi, a fara da dizal. Kowace lita da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. A ce janaretan rijiyar burtsatse yana shan lita 10 a rana, a shekara ya doshi tan 10. A mayar da rijiyar kan sola ba tare da batiri ba: famfo ya cika tanki da rana, a ɗebi ruwa da dare. Batiri ne ke fara mutuwa, shi ne kuma abin da ɓarayi ke nema.

Fitilun titi masu sola dole sai da batiri. A rubuta na litiyom a takardar kwangila, don na ruwan asid ba ya jure zafin watan Afrilu. A kuma sanya mai goge farantin sola lokacin hunturu, ƙura tana cinye wuta.

Ma'aji: Injiniya ka taɓo inda ke ciwo. Ana ware kuɗin saye, a manta da na gyara, shi ya sa fitilu ke tsaye kamar sandunan tuta. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai kayan sun cika shekara suna aiki.

Jami'ar tsafta: Ranku ya daɗe, kun tsallake bola. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma shara, kasuwa da mahauta. Ruɓaɓɓen tumatir da kazantar tumbi in suka jibgu ba iska, wata iska mai suna metan suke fitarwa, wadda ta ninka kabon kusan sau 28 wajen riƙe zafi cikin shekara ɗari. Cinna wa juji wuta kuwa sai ƙarin ciwon tari. A ware mai ruɓewa tun daga kasuwa, a tsame leda, a jera tsibi-tsibi, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako. Tsibin da ya fara ɗoyi ya sha ruwa da yawa, a ƙara masa busasshiyar ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki, masu noman rani za su saya.