Kwanon matcha na ginin hannu: akwai bambanci ko cin kuɗi ne?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. 'Yata ta koyi shan koren shayin nan na Japan, matcha, yanzu ta tasa ni gaba sai an sayo mata kwanon da ake kaɗa shi, wai chawan, kuma wai sai ginin hannu. Na ga hoton, na ga farashin. Baki a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, sai ka ce yaro ne ya gina. Ni da na tsufa a sayar da tangaran na ce wannan cin kuɗin mutane ne. Gari da ruwan zafi ba su san a wane kwano suke ba.

Bashir: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni da nake karatu a Kyoto, can Japan, bari in ɗan sa baki. Matcha ba a tace shi, garin ake shanyewa duka. Kamar giram 2 ake zubawa, ruwa wajen mililita 70, zafinsa kusan digiri 80, ba tafasasshe ba. Sai a kaɗa da maburgin gora mai siraran tsinkaye, gaba da baya da sauri har ya yi kumfa. In kika yi haka a kofi, maburgin ba zai samu wurin motsi ba, tsinkayen su kakkarye, garin ya taru a kusurwa ya yi gudaji. Dole gindin ya yi faɗi, cikin ya zagaye, bangon ya yi tsayin da ba zai fantsala ba.

Hajiya Rabi: Ɗana, ai ka taimake ni. Duk abin da ka lissafa siffa ce. Inji zai zuba maka dubu a rana, duk iri ɗaya, babu karkata.

Bashir: A kan wannan ban musa ba.

Malam Isa: To ni na musa, Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Aikina ke nan, ginin yumɓu nake koyarwa. Ba siffa kaɗai ba ce, akwai ƙasar da kuma gashin. Ki ɗauki kwanon Raku. A shekarun 1580 babban malamin shayi Sen no Rikyu ya sa wani magini mai suna Chojiro ya gina masa kwano yadda yake so. Ba a ɗora shi a faifai mai juyawa. Da tafin hannu ake matse yumɓun ya tashi, in ya ɗan sha iska a kankare shi da ƙarfe. Baƙin Raku ɗaya-ɗaya ake gasa shi, a zaro shi da awartaki yana ja wur. Saboda gashin bai daɗe ba, jikinsa bai haɗe kamar tangaran ɗinki ba, akwai ƙananan ƙofofi a ciki. Shi ya sa zafi ba ya ratsa shi da sauri. Chawan ba shi da mariƙi, da hannu biyu ake rungumarsa. Ki zuba ruwa mai zafin digiri 80 a siririn tangaran ki rungume, ki ga ko za ki iya daɗewa. Zuriyar Chojiro har yau suna wannan aiki a Kyoto, magaji na 16 ya karɓi gidan a 2019.

Umar: Malam, da girmanka, zancen hannu kake yi, ita kuwa Hajiya zancen harshe take yi. Ɗanɗanon ya canza ko bai canza ba?

Malam Isa: Kai Umar, ruwan randa da ruwan jarka ɗaya ne a bakinka?

Bashir: Malam, a nan kam ina bayan Umar. Ruwan randa wuni yake yi a cikin ƙasa. Matcha kuwa kurɓi uku da ɗan ƙari ne, kafin minti biyu an shanye, kuma cikin kwanon a shafe yake da ruwan gilashi. Yaushe ƙasar ta samu lokacin ba shi ɗanɗano? Abin da ke sauya ɗanɗano shi ne ganyen, ko na yankin Uji ne ko na Nishio a Japan, an rufe shi daga rana kafin tsinka ko ba a rufe ba, an tankaɗe garin ko ba a tankaɗe ba, sai zafin ruwa.

Malam Isa: Zafin ruwa, ka faɗa da bakinka. Wa ke riƙe zafin? Me ya sa can inda kake suke da kwanon hunturu mai zurfi, da na bazara mai faɗin baki don shayin ya huce da wuri? Sannan kaurin bakin kwanon a leɓe, wannan ba ya cikin sha?

Umar: Yana cikin sha, amma ba ya cikin ɗanɗano. Kuma mu faɗi gaskiya, tsadar nan ta sarauta ce. A zamanin Hideyoshi, mai mulkin Japan na wancan lokaci, kwanon shayi abin alfahari ne na masu mulki. Da ya kai yaƙi Koriya daga 1592 zuwa 1598, har magina aka kwaso aka kawo Japan, su ne tushen kwanon Hagi. Karin maganar masu shayin Japan ma jeri ne na darajar kwanuka: Raku na ɗaya, Hagi na biyu, Karatsu na uku. Suna ake saya, da akwatin katakon da aka rubuta sunan a kai.

Anti Zulai: Ku bar ni in tambaya, ni ban san tarihi ba. In dai ƙasa ce, me zai hana a kaɗa shi a sabon kasko namu na gida?

Malam Isa: Anti, kaskonmu ba a shafe shi, cikinsa kaushi gare shi. Zai cinye tsinkayen maburgin, ya shanye shayin, ya kuma ba ki warin ƙasa. Amma tambayarki ba ta banza ba ce, don akwai zare tsakaninmu da su. Wani Ba'ingile, Bernard Leach, a Tokyo ya fara ganin gashin Raku a 1911, ya koma Ingila a 1920 ya kafa wurin gini. Almajirinsa Michael Cardew shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ita ce a bayan takardar naira ashirin. Duk wanda ya iya gashi mai zafi da shafe a ƙasar nan zai gina chawan mai kyau, ba sai an yi oda daga waje ba.

Nana: Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya ya dame ni. Shafen da ake yi wa kayan da ba su sha wuta sosai ba, a da akan sa masa dalma, har da na Raku. Kuma akwai wanda Turawa ke yi su kira shi raku, suna turara shi a ɗussar katako, wannan na ado ne, ba na ci da sha ba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, kada wanda ya ji "ginin hannu" ya saya ido rufe. A tambayi maginin da me ya shafe.

Malam Isa: Wannan gaskiya ce, Nana. Maginin da ya ƙi amsa wannan tambaya a bar masa kayansa.

Bashir: Bari in ƙara wa wutar itace. A haikalin Daitokuji a nan Kyoto akwai wani kwano da ake kira Kizaemon Ido, yana cikin kayan da gwamnatin Japan ta sa a jerin taskar ƙasa. Ba a Japan aka gina shi ba, daga Koriya ya zo, aikin ƙarni na 16 ne, kuma babu wanda ya san sunan maginin. Masana da yawa sun ce kwanon abinci ne na yau da kullum, wasu kuma sun ce na hidimar ibada ne.

Hajiya Rabi: Allahu Akbar! Kwanon cin shinkafa! To kun ji. Malam Isa, ina jiran amsa.

Malam Isa: Hajiya, wa ya gina kwanon shinkafar, inji? Hannu ne. Abin da masu shayi suka gani a jikinsa shi ne sawun yatsun maginin da inda shafen ya tattare a gindi, wato karkatar nan da kike kushewa. Abin da na yarda da shi shi ne ba dole ya yi tsada ba.

Umar: A sauƙaƙe. A rufe wa mutum ido, a kaɗa masa a na hannu, a kaɗa a na kamfani, ya faɗa mana wanne ne wanne.

Malam Isa: Da ya rungumi kwanon zai gane, kafin ma ya kai baki.

Umar: To a juye masa duka biyun a kofi iri ɗaya.

Malam Isa: In ka juye a kofi, kwanon me kuma ka gwada?

Hajiya Rabi: Ku shirya gwajin, ni zan kawo tangaran kyauta. Amma Malam Isa ba zai riƙe wa kowa kwano ba, kuma Bashir ne zai aiko da garin.