Neman kalma: na'urar da ke taka wa motar da ake ja birki

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Kalmar yau ta masu mota ce, don haka direbobi da makanikai ku matso kusa. Amurkawa na ce wa abin "supplemental braking system". Kafin kowa ya jefo suna, bari in bayyana yadda kayan yake, don kada mu fassara haruffa mu bar abin da ake nufi.

A Amurka da Kanada akwai manyan motoci masu gado da kicin da banɗaki a ciki. Wannan ba sai mun sha wahala ba: motar tafi-da-gidanka. Mun daɗe muna ara wa kotu da waya wannan suna, ga mai shi na ainihi ya zo. Wasu tsawonsu ya kai ƙafa 45, kusan mita 14. Dattawan da suka ajiye aiki kan gudo da su daga sanyin arewa zuwa Arizona ko Florida, su yi watanni. To, da irin wannan ƙatuwar ba a zuwa cefane. Shi ya sa suke ɗaura ƙaramar mota a baya da sandar ƙarfe, galibi irin su Jeep Wrangler, tana bin su a kan tayoyinta huɗu, inji a kashe, babu kowa a ciki.

Nan gizo ke saƙa. Motar nan ta kusa tan 2. Idan ta gaba ta taka birki, ita ba ta san an yi ba, sai ta taho da duk nauyinta ta tura. Tazarar tsayawa ta ƙaru, birkin babbar ya ɗau zafi, musamman a doguwar gangara kamar wadda ake saukowa daga ramin Eisenhower a tsaunukan Colorado, sama da mita 3,400 daga doron teku. Doka ma ta shigo. Jihohin Amurka da yawa sun ce abin da ake ja in ya kai fam 3,000, wato kusan kilo 1,360, dole ya zama yana da birkinsa mai aiki, kodayake kowace jiha da nata adadin. A Birtaniya iyakar kilo 750 ce.

Na'urar iri-iri ce. Akwai akwati da ake ajiyewa a ƙasa gaban kujerar direba, a jingina bayansa da kujera, a maƙala hannunsa a fedar birki. Yana jin motar ta rage gudu sai ya miƙa hannu ya danna. Patriot na kamfanin Blue Ox irinsa ne, haka ma BrakeBuddy, in an isa sai a ɗauke a jefa a but. Akwai wanda ake dasawa dindindin, kamar Air Force One da ke ɗibar iska daga birkin babbar motar. Akwai kuma ReadyBrake da ba ruwansa da lantarki: turin da ƙaramar ke yi shi ke motsa wani ƙarfe, ƙarfen ya ja waya, wayar ta ja feda. Bismilla, a kawo suna.

Ɗalibin fassara: Malam, ai a fili take. Ƙarin birki. Ko birkin taimako.

Mai tambaya: Shi na fara rubutawa ni ma, ɗan'uwa, amma duba kayan da kyau. Ba a ƙara wa motar nan birki ko ɗaya ba. Faifanta na nan, takalmanta na nan, manta na nan tun daga kamfani. Ƙafar da za ta taka ce babu. In ka ce wa bakanike a sa maka ƙarin birki, ƙarƙashin mota zai shiga yana neman inda zai ɗaura sabon faifai.

Direban tanka: Ku 'yan boko kuna son wahalar da kanku. Mu kullum da shi muke kwana. Kan mota daban, bodi daban, tiyo biyu na iska ke haɗa su, ja da rawaya. Na taka a gaba, bodi ya kama a baya. Tiyon jan nan ya tsinke, bodi ya kame da kansa. Birkin bodi muke cewa, magana ta ƙare. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo da lodi ba sai an yi masa wa'azin amfaninsa ba.

Mai tambaya: Allah ya ja kwana, Baba direba, ka kawo mu kusa. Hikimar ɗaya ce, har da ta tsinkewar. Su ma suna da 'yar waya da aka ɗaura a jikin babbar motar, ɗaya bakin yana riƙe da wani ɗan fulogi a gaban ƙaramar. Sanda ta ɓalle, waya ta fizge fulogin, na'ura ta danne birki ta riƙe, don kada mota ba direba ta shiga cikin jama'a. Sai dai bodin tanka an ƙera shi ne don a ja shi, birkinsa na jiran umarni daga gaba tun asali. Ita wannan mota ce cikakkiya, da safe an je sayen burodi da ita, da rana ta koma abin ja. In muka ce birkin bodi, mai Jeep zai ce shi ba shi da bodi.

Bakanike: Oga, ni tambaya gare ni kafin suna. Mota in an kashe inji, ka taka sau biyu sau uku, feda ta sandare kamar dutse. Ta yaya akwati zai iya da ita?

Mai tambaya: Tambayar mai sana'a ke nan. Tukunyar nan da ke sauƙaƙa taka birki daga inji take samun zuƙar iska, inji ya mutu ita ma ta mutu. Hanya biyu suka bi. Masu akwati ƙarfi suke sawa, su danne sandararriyar fedar haka nan. Shi ya sa ake tsiyaye ragowar zuƙar da ke cikin tukunya kafin a tashi, in ba haka ba takun farko zai zo da ƙarfin da ya wuce kima, tayoyi su ja ƙasa. Su kuma irin Air Force One da Stay-IN-Play suna samar wa tukunyar zuƙarta, sai feda ta yi laushi kamar inji na aiki. Wani abin da za ka so ji: akwatin in bai zauna daidai ba ya ɗan kwanta a kan feda, haka za a yi ta jan mota birki na gogawa, mai tuƙi na can gaba da inji mai ƙarfi bai ji komai ba, sai ƙauri. Don haka ake sa masa 'yar fitila a gabansa da ke kamawa duk lokacin da aka taɓa birkin ƙaramar motar.

Wani mai bibiya: Birkin janwe fa?

Bakanike: Janwe ita ke ja, ba ita ake ja ba. Kuma kada wani ya ce birkin baya, wannan sunan yana da mai shi.

Malamar Hausa: Na bi bayanin tun daga sama. Tunda aiki ne na'urar ke yi, a ba ta suna irin na masu aiki. Hausa na da wannan ƙira a shirye: aikatau da abin da ya faɗa wa, kamar ɓata-gari, hana-salla, fasa-ƙwauri. Ina ba da shawarar taya-birki. Tana taya babbar motar birki, kun ga ma'anar taimakon da ɗalibinmu ke nema ta shigo ba tare da an ce an ƙara komai ba.

Mai tambaya: Ranki ya daɗe, wannan ta burge ni ƙwarai, ƙirar kuwa na karɓa hannu biyu. Matsalar guda ce, kuma a gareji take. A baki, tayar mota da taya aiki sun bambanta, wasalin farko na ɗaya dogo ne, na ɗayan gajere. A rubutun boko kuwa babu mai raba su. A rubuta taya-birki a takardar kayan mota, kowa taya zai gani. Da a wani fanni ne da ta wuce lafiya, amma a inda taya ke zagaye da mu ta ko'ina, rikici za ta jawo. Me zai hana mu canza harafi ɗaya? Taka-birki.

Ɗalibin fassara: Amma Malam, da bakinka ka ce wasu ja suke yi da waya, ba takawa ba.

Mai tambaya: Haka ne, har akwai na kamfanin M&G da ba ya taɓa feda sam, a bayan tukunya ake dasa shi ya tura man kai tsaye. Amma taka birki a bakin Bahaushe ya daɗe da wuce tafin ƙafa. Gwamnati na taka wa 'yan kasuwa birki, uwa na taka wa ɗanta, ba wanda ya tambayi ina fedar take. Duk abin da ya sa birki ya kama, ya taka. Gwada ta a magana ka ji: ka haɗa taka-birkin kuwa? Taka-birkina ya shanye batir. Nawa ne taka-birki na akwati?

Direban tanka: Wannan yaron mota ma zai riƙe ta. Ta tsinkewar fa, ita ba ta da suna?

Malamar Hausa: Na janye tawa, taka-birki ta fi zama a baki. Ita kuwa 'yar wayar, Baba, a kira ta wayar ko-ta-kwana.

Mai tambaya: Madalla, ta zauna. Saura guda da ban gamsu da abin da nake da shi ba. Cikin na'urorin akwai mai auna yadda direba ya taka, ya taka kaɗan ta taka kaɗan, ya danne ta danne. Akwai kuma irin InvisiBrake na Roadmaster, wanda fitilar birki ce ke tada shi, ya fara a hankali yana ƙara matsawa yayin da ƙafar direba ke kan feda, ba ruwansa da ko takun na gaggawa ne ko na wasa. Na farkon ina ce masa taka-birki mai awo. Na biyun na rubuta mai lokaci na goge, na rubuta mai matsa-matsa na goge. Baba direba, a birkin iska kuna da sunan irin wannan kamun da ke ƙaruwa da kansa?