Idan hoton tsohuwar kyamara ya ƙi fitowa garau

Ga abin da na tattaro daga hirar masu hoto a wata majalisa ta Wunti, Bauchi, kan kyamarorin fim irin su Zorki da FED, masu nuna hoto biyu a tagar leƙe, da ake haɗewa kafin a ɗauka.

Dattawan cikinmu sun ce kada a yi gaggawar zargin gilashi, wato lens ɗin gaban kyamara. A fara murɗa shi zuwa ƙarshen nisa, a auna wata a sama ko dogon ƙarfen sadarwa mai nisa, amma a ranar da babu hazo. In hotunan biyu ba su hau juna ba, ma'aunin nisa, wato na'urar da ke nuna hotunan biyun, shi ne ya goce, kuma akwai ɗan sukurun daidaita shi.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce gwajin baya. A buɗe kyamarar babu fim, a shimfiɗa takarda mai shara-shara daidai inda fim ke kwanciya, a bar shota, wato ƙofar da haske ke bi zuwa fim, a buɗe kan saitin B mai riƙe ta a buɗe, a ajiye jarida a nisan mita 1. Idan tagar leƙe ta ce daidai amma rubutu ya dushe a takardar, gilashi da kyamara ba su jitu ba. Hakan na yawan faruwa in an ɗora gilashin Jupiter-8 na Rasha kan tsohuwar kyamarar Leica ta Jamus, ko da yake bakin da ake ɗaura gilashi ɗaya ne a dukansu, wato M39.

Gilashi mai tauri kuwa, giris ne ya bushe, ƙura ta ƙara masa. A kai wa mai gyara, kada a ɗiga man keke.

Wanda kowa ya jaddada: kada a goge madubin da ke cikin ma'aunin nisa, shafensa na ɓarewa nan take.