Mukabalar aikin takhdir (sa barci don tiyata): me ake cewa idan ba a san dalilin matsala ba?

Ƙanwarku, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. An kira ni mukabala, wato intabiyun ɗaukar aiki, a wani asibiti nan Jidda, aikin mataimakiyar likitan sa barci a ɗakin tiyata. Rajistar Hai'a, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, ta fito, takardu sun kammala. Abin da ke damuna tambayoyin "a ce" ne. A ce an sa wa majinyaci bututun numfashi, bayan minti 10 oksijin ɗinsa ya sauka daga 99 zuwa 88, kuma ba a san dalili ba. Me suke son ji? Don Allah masana a taimaka.

Yaya, Madina:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi saurin kiran sunan matsalar. Wanda ya buɗe baki da "ai bututu ne ya toshe" ya rage wa kansa maki ko da ya dace, domin ya daina neman sauran dalilai. Tsarin aikinki suke son ji.

Ki fara da cewa za ki faɗa da ƙarfi, da lamba: "Dakta, oksijin 88, yana sauka." Sai ki mayar da oksijin ɗari bisa ɗari, ki ƙara gudun iska. Ki duba ko na'urar yatsa mai auna oksijin ta goce, amma da ƙiftawar ido, kada ki tsaya kina gyaranta majinyaci na baƙi. Daga nan a ɗauke shi daga injin a matsa jaka da hannu, hannu ne zai gaya miki ko huhu ya yi tauri ko iska na zurarewa. Ki kalli ƙirji, shin ɓangarorin biyu na tashi? Ki kalli zanen kapnograf, na'urar da ke auna iskar kabon dayoksaid da majinyaci ke fitarwa, wanda ya kamata ya nuna 35 zuwa 45. Idan babu zane sam, a ɗauka bututun na cikin hanyar abinci har sai an tabbatar da akasin haka.

Ki ambaci tsawon bututun a haƙori, yawanci santimita 21 ga mace, 23 ga namiji. Idan ya zurma, reshen dama yake shiga saboda ya fi miƙewa, sai huhun hagu ya rasa iska. Wannan kan faru bayan an juya majinyaci ko an hura ciki da iska don tiyatar kyamara. Sai sauraron ƙirji da zuƙe majina. Idan har yanzu ana zargin injin, a cire shi gaba ɗaya a koma jakar Ambu, wato jakar ba da numfashi da hannu da ba ta buƙatar inji, da tukunyar oksijin.

Malam, Riyad:

Yaya ta gama magana kan oksijin. Zan ƙara iyakar aiki, don nan ne da yawa ke zamewa. A Saudiyya mataimaki ƙarƙashin likita yake aiki, kada ki ce "zan ba shi magani kaza." Ki ce za ki haɗa, ki rubuta suna da ƙarfinsa a jikin sirinji, ki maimaita umarnin da baki kafin a bayar. Sirinjin da ba rubutu zubarwa ake yi, ko da kina ganin kin san mene ne.

Suna kuma son tambayar lambar kapnograf da ke ta hawa. Ki fara da abin da ya fi faruwa: numfashin da injin ke bayarwa ya yi kaɗan, sodalaim, sinadarin da ke tsotse kabon dayoksaid a cikin injin, ya ƙare, ko iskar tiyatar kyamara ce. Amma idan an ƙara numfashi ba ta sauka, ga bugun zuciya na gudu, jiki ko muƙamuƙi ya sandare, ki ambaci mummunan zazzaɓin nan, malignant hyperthermia, da iskar sa barci ko sukzametoniyam, maganin saki jijiyoyin nama, ke tayarwa. Zafin jiki kan zo a makare, ba a jiransa. A kashe iskar sa barcin, a nemi taimako, a kawo dantirolin, maganin wannan zazzaɓin, miligiram 2.5 kan kowane kilo. Mai kilo 70 na buƙatar 175, wato kwalba 9 ta miligiram 20, kowace a narkar da ita da ruwan allura mil 60. Narkarwar na cin lokaci, mutum ɗaya ba zai iya ba, ki faɗi haka.

Ƙanwarku, Jidda:

Allah ya saka da alheri. To idan suka ce likitan yana wani ɗakin, wayarsa ba ta shiga fa?

Yaya, Madina:

Za su ce kuwa, da gangan suke matsawa. Ki danna ƙararrawar gaggawa, ki aiki nas da sunanta ta kira duk likitan takhdir da ke kusa, ki roƙi likitan tiyata ya dakata, ke kuma ba ki barin kan majinyaci. Idan likitan ya shigo, jimla huɗu: wane ne majinyacin, me ya canja da ƙarfe nawa, me aka yi, me kike buƙata yanzu. Ki gwada faɗinsu da Turanci da Larabci kafin ranar, don kwamitin kan cakuɗa harsunan biyu. Idan kuma suka tambayi adadin maganin da ya shige miki, ki ce za ki duba katin gaggawa na ɗakin ki tabbatar da likita. Kada ki yi cinke.