A daina cewa "gudun zinare", rububi ne

Jama'a, abin nan da Turawa ke kira gold rush, wato yadda mutane ke kwarara inda aka gano zinare, na ga wasu suna rubuta shi "gudun zinare". Bai yi ba. Bahaushe in ya ji gudun abu, guje masa yake fahimta, kamar gudun duniya ko gudun abin kunya. Kalmomi uku ne ke yawo a hannun masu fassara: tururuwa, wawaso da rububi. Mu auna su da abin da ya faru a San Faransisko da ke Kalifoniya ta Amurka.

Ranar 24 ga Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci ƙwayoyin zinare a bakin kogi a Coloma, can cikin Kalifoniya, inda yake gina wa John Sutter wurin tsaga katako. A lokacin San Faransisko ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, mutanensa ba su fi dubu ɗaya ba, shekara guda kenan da canja masa suna daga Yerba Buena. A watan Mayu wani ɗan kasuwa, Sam Brannan, ya bi titi yana ɗaga kwalbar garin zinare yana shela. Gogan naku ya riga ya cika shagonsa da shebur da kwanukan wanke ƙasa. Gari ya watse zuwa daji, har jaridunsa biyu suka daina fitowa na wani lokaci.

A 1849 sai duniya ta taso. Daga gabashin Amurka wasu suka zagayo ƙarshen Kudancin Amurka, wata da watanni a kan ruwa. Wasu daga Chile, wasu daga Sin, wasu daga Ostireliya. Jirgi na tsayawa ma'aikatansa su tsere zuwa haƙa, aka bar ɗaruruwan jirage suna ruɓewa a tasha. Wani jirgi mai suna Niantic aka ja shi gaɓa aka mai da shi sito, daga baya otal. Euphemia kuwa gidan kaso ya zama. Kafin a ce kwabo mutanen gari sun kai wajen 25,000.

Tururuwa ta kama wannan zuwan, ba musu. Amma ana tururuwa zuwa Idi, kowa cikin natsuwa, ba mai tsoron wani ya riga shi. Babu turereniya a cikinta.

Wawaso yana da ƙanshin ƙwace. Ta fuskar 'yan asalin yankin, waɗanda aka kora daga ƙasarsu aka karkashe, ya dace sosai. Sai dai mai haƙa da ya wuni a ruwan sanyi yana girgiza kwano, ba za ka ce wawaso yake yi ba.

Rububi ne ya haɗa komai: jama'a ta yi yawa, abu kaɗan, kowa na fargabar ya ƙare bai samu ba. Kuma bai tsaya kan zinaren ba, an yi rububin fili, ɗaki, abinci. Tsakanin Disamban 1849 da Yunin 1851 gobara ta cinye sassan garin har sau shida, kowane karo toka ba ta huce ba an fara kafa sabbin katakai.

Ku gwada shi a gida ma: "rububin zinare a Jado", lokacin da mutane suka kwarara arewacin Nijar a 2014. Ya zauna a baki. Masu yin sa kuma 'yan rububi, don haka waɗanda suka isa Kalifoniya a waccan shekara 'yan rububin 1849 ne. Mai cewa "zazzaɓin zinare" ya yi haƙuri, wannan daga Turanci ya kwaso shi.